Awar da Aka Ɗora wa Baba Sumana

Kukan salula ne ya fara komai, wata 'yar salula baƙa da ƙanena ya aiko mini daga Faransa lokacin Kirsimati. Na daɗe da barin aiki na koma hidimar gida, amma safiyar nan ba ta taɓa fita raina ba. Lahadi ce ta ƙarshen watan Maris, wadda mu Kirista muke kira Lahadin ganyen dabino, a shekarar da damina ta ƙi kuma sojoji suka karɓi mulki. Na saita wayar ta tashe ni ƙarfe shida don in dama kunu in yi wa yara wanka kafin mu tafi majami'a. Ta yi kuka, na tashi, na hura wuta, har ruwa ya fara ɗumi, sai na lura unguwa ta yi tsit. A unguwar Bobiel ta Yamai inda muke, in na tashi ƙarfe shida nakan tarar masallacin bayan gidanmu ya riga ya kira asuba, ana jin takun masu komawa gida. Ranar kuwa babu motsin kowa.

Maigidana, wanda malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya fito yana murza ido, ya duba agogon hannunsa ya ce, "Rahila, ƙarfe biyar ne fa. Lafiya?"

Na miƙa masa wayar, tana nuna shida da minti goma. Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi.

"Wayarki ba ta san ta bar Faransa ba," in ji shi. "Su can duk ƙarshen Maris sai su tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai Oktoba su mayar da shi. Lokacin sanyinsu agogonsu da namu ɗaya ne, shi ya sa tun Kirsimati ba ki ga komai ba."

Ya danna nan, ya danna can, ya cire Faris ya sa Yamai, ya koma ya kwanta. Ni kuwa tunda wuta ta riga ta kama, na ci gaba da kununa, na kuma manta da maganar.

Tsohon shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, Mushe Abarshi, shi ya roƙe ni in rubuta wannan labari saboda ku da kuka gaji kujerata, don haka bari in fara da bayanin yadda aikin yake a lokacin. Ni ba injiniya ba ce. A ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, na tsaya, na yi wata shida ina koyon aiki da na'ura, aka ɗauke ni a wata hukuma da ke karɓar hatsin agaji tana rabawa. Mu biyu ne a sashen na'urori: Mushe Abarshi, mutumin Dogon Dutsi, wanda ya yi karatun abin sosai, sai ni mataimakiyarsa. Babbar magazarmu, wato ɗakin ajiyar hatsi, tana kan hanyar Saga, akwai kuma ƙananan magazoji a unguwanni. Duk kamiyo, wato babbar motar kaya, da zai fita da hatsi, na'urar babbar magaza za ta buga masa tikiti mai ɗauke da lokacin fita. In ya isa inda aka aike shi, na'urar can ta buga masa na isowa.

Dalilin wannan tikiti shi ne sukar buhu. Direba marar tsoron Allah yakan ratse wani lungu, mutanensa su soki kowane buhu da bututun ƙarfe mai tsini, su zare ɗan hatsi, su murza bakin hujin ya rufe. In an ƙirga buhuna a tarar da su cif, kuma ƙananan magazoji ba su da sikeli. Abin da ɓarawon ba ya iya ɓoyewa shi ne lokacin da ya ɓata a hanya. Saboda haka dole agogon duk na'urorinmu ya zama ɗaya, in ba haka ba tikitin takarda ce kawai.

A nan aikina ya shigo. Muna da babbar na'ura a biro, wato ofishinmu, wadda ake kira uwar garke. Ita tana tambayar lokaci daga wasu manyan na'urori na duniya waɗanda ba su da aikin da ya wuce riƙe lokaci, na'urorin magazoji kuma suna tambayarta ita. Kowace safiya ƙarfe takwas nakan shiga ɗakin uwar garken, in buga umarni guda, sai jerin sunaye ya fito. In duba abu uku: akwai tauraro a gefen wadda ake bi? Tana amsawa duk lokacin da aka tambaye ta? Bambancin da ke tsakaninsu bai kai daƙiƙa ɗaya ba? Haka zan bi na'urar kowace magaza daga kujerata, in rubuta a kaye, wato littafin rajistata, in sa "lafiya", in sa hannu. Waɗannan matakai uku suna rubuce a wata takarda da wanda ya kafa mana na'urorin ya manna a bango kafin ya tafi, kuma ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. In an ɗauke kuran, in jira janareta ya tashi in yi. Ina son aikin, ko da yake mutanen biro suna ganin wasa ne.

Wanda ya fi kowa yi mini tsiya a kai shi ne Baba Sumana, direban kamiyon da ke kai hatsi magazar Harobanda, ƙetaren kogi. Bazabarme ne haifaffen Yamai, ya kusa sittin, shekara biyu suka rage masa ya huta. Ni kuma Bagobira ce daga wajen Maraɗi, kun san wasan barkwancin da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa. In ya leƙo biro da safe sai ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, "Fofo, 'yar Gobir. An zo gadin agogo? Kada ya gudu fa, ki riƙe shi da kyau."

Ni kuma in ce, "Baba, kai dai ka cika ciki da kopto, kwaɗon zogalen nan naku, ka je ka yi barci a kan sitiyari."

"Kopto ya fi fura da ba nono," in ji shi, ya aje mini ƙullin gyaɗa ko mangwaro a kan tebur ya fita.

Da sojoji suka hau, suka turo wani kapitan ya sa ido a kan rabon hatsin. Matashi ne, dogo, ba ya dariya. Ban ga laifinsa ba. Ya yi rangadi a ƙauyuka ya ga mata suna fasa gidan tururuwa don su sami ƙwayar gero, ya ga ana jiƙa anza kwana da kwanaki don a rage ɗacinta a ba yara. Mu ma a Yamai muna ganin waɗanda suka baro garuruwansu suna kwana a kangaye. Ya tara mu ranar da ya zo ya ce duk wanda ya taɓa ƙwaya ɗaya, shi da kansa zai kai shi gidan kaso.

Ranar Talata bayan bikin tashin Almasihu, aka kira taro a ofishin darakta. Ni aka sa in riƙa rubuta abin da aka faɗa. Kapitan ya baza tikitoci a kan tebur ya ce daga hanyar Saga zuwa Harobanda, har da cunkoson gada, kamiyo mai kaya ba ya wuce minti arba'in. Amma a makon da ya shige, sawu shida da Baba Sumana ya yi, babu wanda bai haura awa ɗaya da rabi ba. Aka shigo da Baba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ina kake tsayawa a hanya?" in ji Kapitan.

"Ba na tsayawa ko'ina, mon kapitan."

"Ka fita sha biyu da rabi, ka isa biyu da minti goma. Jirgin ruwa ka hau?"

"Ni ban san abin da takarda ta ce ba. Amma azahar a Harobanda nake yinta cikin jam'i, ƙarfe ɗaya da rabi. A tambayi Malam Isufu mai magaza, kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa."

"Abokin sallarka zai ce ba ka yi ba, ai na sani." Kapitan ya juya wajen shef ɗina. "Mushe Abarshi, agogon na'urorinku daidai yake?"

Shef ya miƙe ya ce, "Daidai yake, mon kapitan. Madam Rahila tana dubawa kowace safiya. Ga kayenta."

Kapitan ya buɗe kayen, ya bi layin Harobanda da yatsa. Lafiya, lafiya, lafiya, da sa hannuna a ƙarƙashin kowanne. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Madam, rubutunki ne?" Na ce nawa ne. "Kin tsaya a kansa?" Na ce na tsaya, domin a lokacin gaskiyar da na sani ke nan.

Jandarmomi biyu suka tafi da Baba Sumana. Da zai wuce ta gabana bai ce 'yar Gobir ba, ya dai dube ni sau ɗaya. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Da na koma gida na durƙusa na ce, ya Ubangiji, in mutumin nan ya yi, ka ba ni zuciyar da zan yarda, in kuwa bai yi ba, kada ka bar hannuna ya zama abin da zai ɗaure shi.

Washegari Laraba, bayan na gama dubawar safe, tauraro na nan a kan kowace na'ura kamar kullum, sai sakatariya ta kawo mini tikitocin Harobanda na wata biyu, wai in jera su in yi fotokofi don takardun da za a kai kotu. Ina jerawa ina duba lokutan, ba don an sa ni ba, sai don na kasa hana idona. A cikin Maris: minti talatin da biyar, minti arba'in, talatin da takwas, arba'in da biyu. Daga nan: awa ɗaya da minti talatin da shida, awa ɗaya da arba'in, awa ɗaya da talatin da takwas. Na tsaya. Mintocin ba su canja ba, awa guda ce cif aka ɗora a kan kowane sawu. Ni mace ce mai zuwa kasuwa. Na san mai awon da ke tauye mudu, yau ya tauye da yawa, gobe kaɗan, gwargwadon yadda idon mai saye yake. Ban taɓa ganin ɓarawon da ke sata da ma'auni ba, har mutanensa su gama sukar buhu ɗari biyu cikin minti sittin daidai sau shida a jere.

Na duba ranar da abin ya fara. Litinin ce, washegarin Lahadin ganyen dabino. Sai na ji kamar maigidana yana dariya a kan turmi.

Na koma gaban uwar garke. Na shiga na'urar Harobanda, amma maimakon umarnin da ke jikin bango, sai na yi mata tambayar da ban taɓa yi ba cikin wata uku: ƙarfe nawa ne a wurinki? Agogon bangon ɗakin yana nuna goma da minti ashirin. Ta amsa mini sha ɗaya da minti ashirin. Na duba ƙasar da aka sa mata, na ga Faris.

Ga abin da ya faru, don wanda bai san aikin ba. Manyan na'urorin nan na duniya lokaci guda suke bayarwa ga kowa, ba na Yamai ba, ba na Faris ba. Kowace na'ura ita ke ƙara awoyin ƙasarta a kai. Na'urar Harobanda tsohuwa ce da aka ba mu kyauta daga Faransa, aka kafa ta cikin Janairu, wanda ya kafa ta ya ga agogonta ya yi daidai da na hannunsa, ya wuce. Tana bin uwar garke babu kuskuren ko daƙiƙa, shi ya sa tauraro bai taɓa ɓacewa ba. Amma tun Lahadin nan awa biyu take ƙarawa maimakon ɗaya. Dubawata gaskiya take faɗa, sai dai ba ta kai inda matsalar take ba.

Na kira shef. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya zauna. Zufa ta karyo masa a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a ginin.

"Rufe ƙofa," in ji shi. Na rufe. "Minti ɗaya ya isa a gyara. Mu mayar da ita Yamai yanzu, daga yau tikiti ya fito daidai. Maganar tsohon kuma, zan sami darakta a hankali, a san yadda za a yi a sassauta masa."

Na ce, "Shef, in muka gyara yanzu, shaidar Baba ta tafi. Sai dai a ce da aka kama shi sata ta tsaya."

"Rahila, jiya na miƙe a gaban soja na ce agogona daidai yake. Kin san mutumin nan. Ke kuma kika sa hannu sau nawa?"

"Ni na sa, ni zan faɗa. Ba sai ka yi magana ba, ka dai raka ni, don ba za su bar ni in shiga wurinsa ni kaɗai ba."

Ya matso da kujerarsa gaban na'urar. Ba mugun mutum ba ne, yana da 'ya'ya biyar, kuma a kwanakin nan ana sallamar mutum daga aiki a kan abin da bai kai wannan ba. Na ga yatsansa a kan madannai, na san in ya danna babu yadda zan yi. Can sai ya janye hannun ya sa a aljihu ya ce, "Ɗauko kayenki da tikitocin. Kada kowa ya taɓa na'urar nan."

Kapitan yana cin abinci a tsaye muka same shi, burodi da sardin a kan takarda. Shef ya fara magana yana kewaye-kewaye, sai na karɓa. Na ce, "Mon kapitan, jiya ka tambaye ni ko na tsaya a kan rubutuna, na ce na tsaya. Na zo in gaya maka rubutun bai cika ba. Agogon Harobanda yana gaba da awa ɗaya tun kwana goma, ban gani ba sai yau."

Ya aje burodin. "Madam, kin san abin da kike faɗa? Kayenki ne shaidata."

"Na sani."

"Tsohon nan danginki ne?"

"Shi Bazabarme ne Musulmi, ni Bagobira ce Kirista. Abin da ke tsakaninmu tsiya ce da gyaɗa."

Ban yi nufin ba da dariya ba, shi ma bai yi ba. Ya ce in yi masa bayani. Na fara da uwar garke da tauraro, na ga fuskarsa tana ɗaurewa, sai na bar wannan na ba shi labarin salulata da kunun da na dama ƙarfe biyar. Nan ya saurara. Da na gama ya goge hannunsa ya ɗauki hularsa ya ce, "Ba na karɓar labari. Mu je in gani."

Muka shiga motarsa, shi a gaba, ni da shef a baya. Muka hau gada, kogin ya janye har tsibiran yashi sun fito, shanu ramammu suna tsaye a tsakiyarsa. A ƙofar magazar Harobanda mata sun yi layi cikin rana da kwanoni da buhunan da ba kome a ciki, tun jiya kamiyo bai zo ba, domin direbansa yana tsare.

Malam Isufu mai magaza ya fito da gudu yana gyara riga. Kapitan ya cire agogon hannunsa ya aje a kan tebur kusa da na'urar ya ce, "Buga mini tikitin isowa." Na'urar ta yi ƙara ta turo takarda. Agogonsa yana nuna sha biyu da minti biyar. A ƙasan tikitin, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta ɗaya da minti biyar.

Ya juya wajen Malam Isufu. "Kai kwana goma kana buga wannan ba ka gani ba?"

"Mon kapitan, ni adadin buhu nake dubawa. Wannan rubutun na ƙasa ko da tabarau ba na ganinsa. Agogona ladan ne."

Kapitan ya sake dubana. "Wa ya ce ba yau da safe kuka tura shi gaba ba, ke da shef ɗinki, don ku fitar da mutuminku?"

Na riga na yi tunanin wannan tambaya tun muna kan gada. Na buɗe kaye na nuna masa layin bambanci, rana bayan rana bai kai daƙiƙa ba, na ce da hannu ya taɓa agogon da nan zai fito. Amma na san wannan rubutuna ne, kuma rubutuna ya riga ya kunyata ni sau ɗaya. Don haka na roƙi Malam Isufu ya kawo rasitan rabon hatsi na makon jiya, waɗanda na'urar nan take bugawa a ba mata in sun karɓi nasu, kwafi kuma ya zauna a magaza. Ya kawo su ɗaure da roba. Na zaro na ƙarshe na kowace rana na jera: bakwai saura minti goma, bakwai saura kwata, bakwai saura biyar.

Kapitan ya daɗe yana kallonsu. Shi da kansa ya ba da dokar rufe magaza ƙarfe shida. Ya leƙa waje ya kira sojan da ke gadin ƙofa.

"Ƙarfe nawa kuke kulle wurin nan?"

"Shida daidai, mon kapitan. Makulli a hannuna yake kwana."

"Ko sau ɗaya ba ku kai bakwai ba?"

"Ko sau ɗaya, mon kapitan."

Ya ɗauki agogonsa ya ɗaura a hankali. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wato na ɗaure tsoho saboda an yi bazara a Faransa." Ya ciro wayarsa ya fita waje. Muna jinsa yana ba da umarni a saki direban nan take, a kawo shi da mota, ba a ƙafa ba. Da ya dawo ya tsaya a gabana ya ce, "Madam, jiya kin ba ni amsar da ba daidai ba, yau kin zo da ƙafarki kin gyara. Zan rubuta duka biyun a rahotona." Na ce na gode, haka ya kamata. Sai a lokacin shef ya zauna ya cire Faris ya sa Yamai, a gaban kowa, aka sake buga tikiti ya fito daidai da agogon Kapitan.

Kafin la'asar kamiyon Baba Sumana ya ƙetare gada da gero, shi ne a kan sitiyari. An ce ya je gida ya huta, ya ce matan da ke layi ba su huta ba. Ni ban ga isowarsa ba, mun riga mun koma biro, inda shef ya ciro takardar nan ta bango ya miƙo mini alƙalami ya ce in ƙara mataki na huɗu da hannuna. Na rubuta: ka tambayi kowace na'ura ƙarfe nawa ne a wurinta, ka dubi agogon bango, ka gwada. An ce mini har yau layin yana cikin takardarku, an dai buga shi da na'ura yanzu. In kun taɓa tambayar kanku wa ya sa wannan mataki mai kama da wasan yara, to ni ce, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Rahoton Kapitan ya fito kamar yadda ya ce. An ja mana kunne a rubuce, ni da shef, a sakin layi na farko, an yaba mana a na biyu. Na aje takardar a akwatina tare da takardun haihuwar yarana.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki na'ura ba ta yi maka ƙarya, amma abin da ka tambaye ta kaɗai take amsawa. Ranar da ka rubuta "lafiya" ka sa hannu, wani zai ɗauki kalmar nan ya kai ta inda ba ka zata ba, ya yanke wa mutum hukunci da ita. Don haka ku duba abin da takarda ta ce ku duba, sannan ku ɗaga kai ku dubi bango. In kuka gano kuskurenku, kada ku yi saurin share shi kafin ku tambaya ko akwai wanda kuskuren ya danne. Na kuma koyi cewa mutanen aikin nan, masu zama a ɗaki mai sanyi ba a san da su ba, suna da tsoro kamar kowa, amma na ga shef ɗina ya janye yatsansa daga madannai alhali babu mai ganinsa sai ni da Allah. Shi ya sa da ya ce in rubuta wannan, har da wurin da ya yi rauni, ban yi masa gardama ba.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida aka yi sallama. Baba Sumana ne cikin farar riga, da kwano rufe a hannu, da wata yarinya 'yar shekara bakwai riƙe da gefen rigarsa. Ya ce jikarsa ce, Hamsatu, a wurinsa take tun rasuwar uwarta. Maigida ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya buɗe kwanon, kopto ne da ya sha ƙuli-ƙuli.

"'Yar Gobir," in ji shi, "ci ki ji abincin mutane. Ashe gadin agogon nan aiki ne."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Hannuna ne ya kai ka can."

"Hannunki ya kai ni, ƙafarki ta fito da ni. Kwana ɗaya ne, sauro ne kawai suka ci riba." Ya yi dariya, amma na ga bai kai ta ƙarshe ba. Ya sunkuyar da kai ya ce a masallacin unguwarsu ta Harobanda an sanar cewa an wanke shi, manya sun zo sun yi masa barka. Sai dai ranar da aka tafi da shi labari ya riga ya zaga Harobanda cewa ya saci hatsin mayunwata, kuma yarinyar nan kwana uku ke nan ta ƙi zuwa lakwal.

Ranar Litinin da ta biyo na nemi izinin awa biyu a wurin shef, na hau taksi na ƙetare gada, na tsaya a gaban yara sittin da malamarsu da tikiti biyu a hannuna. Na taɓa tsayawa a gaban kapitan, amma ban ji tsoro kamar ranar ba, kuma a duk shekarun aikina babu tsayuwar da nake alfahari da ita kamarta. Ba shawarar wani babba ba ce ta kai ni. A ranar Asabar ɗin, ina zuba wa Hamsatu ruwa a kofi, ta kama bakin zanena ta jawo ni ƙasa, ta yi magana a hankali don kada kakanta ya ji.

"Tanti, ke kika gaya wa soja kakana ba ɓarawo ba ne?"

Na ce ni ce.

"To ki zo ajinmu ki gaya musu. Su ba su ji ba tukuna."